Na'ana'ar Mama da Hanyar Chile

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa "Nerina, wai Babanki ya amince ko bai amince ba?", ku nemi wuri ku zauna tukuna. A satin nan sau biyu na yi kuka. Na farko na takaici ne, na biyun kuma har yanzu ban san sunan da zan sa masa ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, gidanmu yana bayan garin San Rafael, inda Babana, wanda ake girmamawa da kiran Don Olegario, yake da 'yar gonar inabi da akwatunan ƙudan zuma. Mamana ta rasu shekarun baya, ta bar ni da shi da yayarsa Gwaggo Pocha, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci. Ta huɗunmu ita ce Lukuta, tsohuwar bas da Baba ya mayar gida da hannunsa. Akwai gadaje, akwai murhun gas, akwai ɗan banɗakin da in ka shiga sai gwiwarka ta gaisa da ƙofa. Duk shekara da an gama yankan inabi, ganyen bishiyoyin bakin hanya ya fara komawa ruwan ɗorawa, sai mu loda Lukuta mu tsallaka iyaka. Mun je Uruguay, mun je Paraguay, mun je kudancin Brazil inda sauro ya kusa cinye Gwaggo. Chile kuwa, da muke hango duwatsunta in gari ya yi haske, rabon Lukuta da ita tun Mama na raye, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

To ga Aliro ya zo ya sa tambayar ta zama dole. Ɗan Chile ne, daga wani ƙauye kusa da Linares. Gyaran ɗakunan sanyi ya kawo shi kamfanin da ke ajiye 'ya'yan itace a garinmu, ni kuma a can nake aikin ofis. Dogo ne, kunnuwansa sun ɗan yi fice, in ya ji kunya su ne suke fara yin ja. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Aikinsa yana ƙarewa ƙarshen watan Maris, zai koma gida. Mamarsa ta ce ita ba ta san suruka ta waya ba, a zo mata da yarinyar da mahaifinta su ci abinci a teburinta. Ni kuma na faɗa masa tun farko, ba zan tsallaka dutsen nan ba sai da Baba a gefena. Ma'ana dai, duk inda Baba ya nuna hancin Lukuta bana, can amsarmu take.

Ranar Lahadi ce ranar taswira. Mama ce ta ƙirƙiro al'adar. Bayan an ci gasasshen nama, a share tebur, a shimfiɗa taswira, kowa ya ci zaitun ɗaya ya ɗora ƙwallon a kan ƙasar da yake so. A yi ta musu har rana ta karkata, sannan Baba ya yanke, tunda shi ke riƙe sitiyari.

Tun safe nake canza kaya. Na sa koriyar riga mai ƙananan furanni, na ga kamar zan je biki, na cire. Na sa wandon jins da farar rigar da Mama ta yi wa ɗinkin hannu a wuya, na ɗaure gashina da jan kyalle. Gwaggo ta leƙo ɗakina da wuƙar yankan tumatir a hannu.

"Ke, taswira za a duba ko ke za a duba?"

"Gwaggo, don Allah."

"Shekarunki nawa yanzu? Sa'anninki duk sun goya na biyu. In ɗan bayan dutsen nan ya tafi ya bar ki, ni da ke za mu tsufa muna saƙa wa Lukuta labule."

Wayata ta yi ƙara. Aliro ne.

"Neri, in ɗauro taye a wuya?"

"Nama za ka ci, ba kotu za ka ba."

"Na ji Babanki ya fi alƙali."

"Ka zo da yunwa kawai. Kuma kar ka taɓa wutar gashinsa, ko da kana ganin naman yana ƙonewa."

Ya iso da shuɗiyar riga mai gidan dara, an goge ta har tana iya yanka mutum, da kwalin biredi mai zaƙi a hannu. Ya gaida Baba da "Barka da rana, Don Olegario." Baba ya amsa ba tare da ya ɗago daga kan garwashi ba. Gwaggo kuwa ta sumbace shi a kunci, ta taɓa damtsensa ta ce a ƙasarsu ba a ba yara abinci ne? Kunnuwan nan suka ɗauki wuta.

An ci abinci lafiya. Aliro ya yabi naman, ya ƙara, ya sake ƙarawa, na ga gashin bakin Baba ya ɗan motsa, wanda a wurinsa wannan murmushi ne. Aka share teburin da ke ƙarƙashin rumfar inabi, aka shimfiɗa taswira, aka danne kusurwoyinta da kofuna.

Gwaggo ce ta fara. Ta tsotse zaitun ɗinta, ta dangwala ƙwallon a kan Salto. "Uruguay. Ruwan zafin nan da ke fitowa daga ƙasa. Gwiwoyina sun yi shekara suna roƙona."

"Bara ma can muka je," in ji Baba.

"To gwiwoyin ai ba a canza min su ba."

Baba ya ɗora nasa a Paraguay, ya ce akwai wani kogi da bai taɓa jefa ƙugiya a ciki ba. Gwaggo ta ce zafin can zai narkar da ita kamar man shanu. Ya ce da ya huta. Ta ce Allah ya ga bakinsa.

Sai aka juyo kaina. Zaitun ɗin ya daɗe a bakina har ya daina ɗanɗano. Na cire ƙwallon, na ɗora shi can hagu, bayan layin duwatsu, a kan Linares.

Kowa ya zuba wa ƙwallon ido.

"Hanyar Pehuenche da ta ratsa duwatsu zuwa Chile a buɗe take yanzu, Baba," na ce. "In muka bari watan gobe ya yi nisa, ƙanƙara za ta rufe ta."

Baba ya jawo filas da ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a zagaye da ƙoƙo ɗaya, ya cika ƙoƙon da ganye, ya karkata shi, ya dasa bututun ƙarfen da ake zuƙar shayin da shi a gefe a hankali kamar mai dashen yaji. Ya tashi ya shiga Lukuta da ke tsaye a tsakar gida, ya dawo da ganyen na'ana'a biyu. A gaban motar, gefen sitiyari, akwai wani tsohon gwangwanin man zaitun da aka ɗaure da waya. A ciki Mama ta shuka na'ana'a shekarar da aka fara tafiya da Lukuta. Ita ke zama a kujerar gaba tana haɗa wa Baba shayi yana tuƙi, duk ƙoƙo sai ta tsinki ganye ta jefa. Bayan rasuwarta kujerar ta zama tawa, na'ana'ar kuma ba wanda ke ba ta ruwa sai Baba.

Ya sha na farko kamar yadda mai haɗawa ke yi, ya zuba ya miƙa wa Gwaggo, sannan ni. Sai ya cika ƙoƙon, ya dubi Aliro, ya miƙa masa. Baba fa bai taɓa miƙa masa ƙoƙo ba.

Aliro ya karɓa da hannu biyu, fuskarsa cike da farin ciki. Sannan, jama'a, ya kama bututun ya juya shi a cikin ganyen. Ya gauraya, ya sake gaurayawa, kamar mai dama koko.

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ambaci sunan Maryamu. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gargaɗe shi kan wuta, na gargaɗe shi kan ƙwallon ƙafa, amma ko a mafarki ban zaci akwai babban mutum da sai an faɗa masa ba a taɓa bututun mai haɗa shayi ba. Ganyen ya hargitse, bututun ya toshe, Aliro yana zuƙa ba abin da ke fitowa, kunnuwansa sun yi jawur.

"A gidanmu Mama tana sa sukari," ya ce a hankali, "kowa da ƙoƙonsa, sai a ɗan..."

"Na gani," in ji Baba.

Ya karɓi ƙoƙon, ya tsaya yana kallon ganyen na'ana'ar da suka nutse a cikin ɓarnar. Ya juye shi a gindin rumfa, ya naɗe taswira, ƙwallayen zaitun suka zube ƙasa. "Zan yi tunani," ya ce, ya nufi wajen ƙudan zumarsa.

Nan ne kukan farko. A banɗaki na yi shi, na buɗe famfo don kar a ji.

Da yamma saƙonni suka fara shigowa.

"Neri, na kashe mu ko?"

"Ba ka kashe mu ba, amma mun kwanta asibiti."

"Wallahi gani na yi ganyen ya taru gefe ɗaya, na ce bari in taimaka."

"Aliro, da gangan ake tara shi gefe ɗaya!"

"To ki koya min. Na sayi ƙoƙo da filas. Ina ta gwadawa, na sha har hannuna yana rawa."

Ya turo hoto. Tebur duk ganye, shi kuma ya riƙe hannayensa a baya kamar ɗan makarantar da aka yi wa horo. Na yi dariya hawaye na zuba. Wannan yaron zai ƙarasa ni.

Kwanaki suka wuce Baba bai ce komai ba. Yana tashi ya tafi gona, ya dawo ya shige ƙarƙashin Lukuta da sifana. In na kai masa abinci sai ya ce "Ajiye nan, 'yar Baba," shi ke nan. Na fara jin haushinsa. A ce kan bututu ɗaya mutum ya juya wa 'yarsa baya?

Ranar Laraba na faɗi haka a kicin, muna naɗe samosar namanmu ni da Gwaggo. Ta ajiye cokali, ta goge hannu a gaban rigarta, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ke dai wawiya ce, duk da karatunki. Kina tsammanin bututu ne? Olegario ya yi dariyar abin nan a gona har ya tuntsire, da idona na gan shi."

"To mene ne, Gwaggo?"

"Kin tuna kakar farko bayan rasuwar uwarki, kina jami'a a Mendoza, muka tafi ni da shi? Muka dawo washegari, ya ce miki ƙanƙara ta rufe hanya?"

"Na tuna."

"Ko ɗigon ƙanƙara babu. Rana ce tarwai. Mun hau dutsen nan Lukuta tana nishi, muka isa shingen Chile. Kin san su, ba sa wasa da gonakinsu. Ba a shiga musu da zuma, ba a shiga da ɗanyen 'ya'yan itace, balle shuka da ƙasarta. Wani yaro mai kaki ya shigo da karensa, mai ladabi, har yana ce min Doña, wato uwargida. Ya ga gwangwanin ya ce, 'Yallaɓai, ka yi haƙuri, wannan sai dai ta tsaya a nan.' Ya nuna masa inda ake jefawa."

Ta ja hanci.

"Ubanki ya kalli yaron, ya kalli gwangwanin, ya ce a ba shi takardunsa. Ya juya motar nan a bakin shinge, muka gangaro. Har muka iso gida bai ce min kanzil ba, ni kuma karo na farko a rayuwata na kama bakina. Sauran iyakokin da muke bi, tawul yake yafa wa na'ana'ar, ba wanda ya taɓa ɗagawa. Shi ya sa ba ya kallon hagu a taswira. Ke kin ce masa ya kai ki gidan miji, shi kuma abin da ya ji shi ne ya sauke uwarki daga mota."

Na zauna a kan buhun fulawa. Shekara da shekaru ina zaune gefen gwangwanin nan ina tsinkar ganyensa, ban taɓa lura cewa Baba ba ya tada injin sai ya fara taɓa bakinsa da yatsa ba. Sai a lokacin abin ya dawo min. Tausayinsa ya kama ni.

Na rubuta wa Aliro duk abin da Gwaggo ta faɗa. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa.

"Kar ki matsa masa, Neri. Zan gaya wa Mama ta yi haƙuri."

"In ta ƙi fa?"

"Za ta yi fushi, za ta huce. Ko baɗi ne zan jira."

Baɗi. Na san mamarsa daga labarinsa, na san yadda nisa ke cin soyayya a hankali. Amma na yanke shawara, zan je in ce wa Baba na janye ƙwallona, mu tafi Uruguay a jiƙa gwiwoyin Gwaggo.

Ranar Asabar da safe na fito da tsohuwar rigar sanyin Mama mai ruwan toka a kafaɗata, don iskar kaka ta fara cizo. Ƙofar Lukuta a buɗe take. A ƙasa kusa da taya na ga kwalaben zuma a jere, waɗanda Baba ya loda tun makon jiya, ga kwandon tuffa, ga cukun akuya a naɗe da tsumma. Na ɗauka shara yake yi.

Na hau. Yana durƙushe yana tura sarƙoƙin taya na hawan ƙanƙara ƙarƙashin gado.

"Baba, na zo in ce maka na canza. Mu tafi Salto."

"Miƙo min filayar can."

Na miƙa masa. "Ka ji ni kuwa? Na ce na fasa Chile."

"Pocha ta kasa riƙe bakinta ke nan."

Ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu, ya wuce gaba ya zauna a kujerarsa. Ya sa filaya a wayar da ta ɗaure gwangwanin. Ta yi tsatsa, sai da ya yi ta murɗawa.

"Baba, bari! Don Allah ka bari."

"Kin san daga ina aka kawo min uwarki?" ya ce, idonsa a kan wayar. "Daga Corrientes, can ƙarshen duniya. Ubanta ya rako ta a jirgin ƙasa, tsoho mai ciwon ƙafa, ya zo ya ga inda 'yarsa za ta zauna, ya ci abincin uwata, ya koma. Ban taɓa tambayarsa me ya bari a gida kafin ya taho ba." Wayar ta katse. "Da tana nan ta ga ina tsare ki saboda gwangwani, da da shi za ta rotsa min kai."

Ya ɗago shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. A inda yake, sai ga wani zagaye na tsatsa ya fito a jikin allon motar, fentin cikinsa sabo fil kamar ranar da aka shafa.

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa da silifas da rigar barci, ban san tun yaushe take wurin ba. Ta miƙo hannu.

"Kawo ta nan, mai taurin kai. Ni zan zauna da ita."

"Gwaggo, gwiwoyinki fa?" na ce.

"Gwiwoyina ba za su hau dutsen nan ba ko da an biya ni. Zan tafasa ruwa in zuba a baho, in ce Uruguay ce. Ni da Zulema za mu zauna a tagar kicin mu yi ta gulmarku."

Rabona da in ji an kira sunan Mama haka, kamar tana ɗaki na kusa, har na manta. Nan kuka na biyu ya zo, kuma wannan ban buɗe masa famfo ba. Na faɗa jikin Baba, yana warin man inji da hayaƙin da ake kora ƙudan zuma da shi. Ya bubbuga bayana da hannu ɗaya yana cewa "To, to, ya isa, za ki jiƙa min riga." Ta saman kafaɗarsa na hango ƙaramar durowar kaya a buɗe. Baƙar kwat ɗinsa, wadda bai sa ba tun jana'izar Mama, tana rataye a cikin leda, an wanke an goge.

Ya ga inda nake kallo, ya yi gyaran murya. "Ba a zuwa gaida mutane da rigar gona. Kuma ki faɗa wa mai kunnuwan nan, shi zai zauna a gaba ya haɗa min shayi, ke ki koma baya. In ya sake juya min bututu, a kan dutsen zan sauke shi ya ƙarasa gida da ƙafa."

Na ɗauki hoton zagayen tsatsar na tura wa Aliro. Ban rubuta komai ba. Nan take ya kira, ban ɗauka ba don muryata ba ta dawo ba tukuna. Sai ga saƙo: "Neri, abin da nake tunani ne? Neri? Ki yi magana, hannuna ya kasa riƙe sifana."

Ina cikin rubuta masa amsa Baba ya kunna rediyon mota don ya gwada batir. Mai labarin yanayi yana cewa sanyi ya taso daga kudu da wuri bana, ana sa ran ƙanƙarar farko a kan duwatsu kafin tsakiyar mako, masu niyyar tsallakawa su kula. Mu kuwa ranar Alhamis muka shirya tashi, ranar da aikin Aliro ke ƙarewa.

Dukkanmu muka juya yamma. Can bayan bishiyoyin da suka yi ruwan ɗorawa, wani farin gajimare ya kwanta a kan duwatsu. Gwaggo ta ƙanƙame gwangwanin a ƙirjinta. Baba ya kai yatsa zai taɓa inda ya saba taɓawa, ya tarar da wayam, sai ya dafa zagayen tsatsar ya bar hannunsa a wurin.

"Ki ce masa ya roƙi maigidansa ya sallame shi yau, gobe da sassafe za mu tashi," ya ce. "Wannan karon in hanya ta rufe, 'yar Baba, ki shaida ba ni na rufe ta ba."